Shayin da Na Zuba wa Mai Kwat

Shagon da na koyi karatun nishaɗi a cikinsa, can unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, yau caja da murfin waya ake sayarwa a ciki. Ba na cewa laifi ne, kowa da abin da ke kawo masa tuwo. Amma duk lokacin da na bi ta gabansa na ji waƙa tana tashi daga wata 'yar sifika da aka rataye a bakin ƙofa, sai raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini komai ba. A da in ka tsaya a wurin, abin da za ka ji shi ne ƙarar keken ɗinkin maƙwabci, da tarin Lasisi, da motsin takarda. Lasisi Bayarabe ne da ya zo daga kudu tun ban san hannun damana ba, ya kafa tebur, tebur ya zama shago. Littattafan makaranta yake jerawa a gaba, amma a ƙarƙashin kanta akwai wani kwali da ba ya jawo wa kowa sai wanda ya yarda da shi. A kwalin nan tsofaffin littattafan Turanci suke, waɗanda suka sha hannu har gefensu ya yi baƙi, kuma a cikinsu na haɗu da ɗan leƙen asirin da ya cinye mini ƙuruciya.

Sunansa na cikin littafi bai taɓa zama a bakin mutanenmu ba, don haka Mai Kwat muke ce masa. Bature ne da gwamnatin ƙasarsu take aikawa duk inda abu ya gagara. Yau yana cikin jirgin ƙasa, gobe yana ƙarƙashin teku. A kama shi a ɗaure, a yi masa dukan kawo wuƙa, ya ƙi faɗin ko sunan garinsu, can sai ka ga ya kwance kansa ya gyara wuyan riga ya kama gabansa. Littattafan suna da yawa, kowanne da tasa tafiyar, kuma ba a jere suke zuwa hannun Lasisi ba, sai wanda Allah ya kawo cikin kaya. Lokacin ina ɗalibi a makarantar horon malamai, Turancina bai wuce na cin jarrabawa ba, amma yunwar labari ta sa ina haɗiye har abin da ban tauna ba. Abu ɗaya ne Lasisi ba ya sakaci da shi. Bangon kowane littafi akwai hoton mace wadda tufa ta yi wa ƙaranci, saboda haka kafin ya miƙo maka sai ya yanko takardar buhun siminti ya naɗe bangon tsaf. Yakan ce, "Malam ƙarami, in babanka ya ga wannan mata, kai bulala, ni kora daga gari."

Gidanmu Argungu ne, kuma duk hutu can nake komawa a bayan babbar mota, zaune a kan buhunan gishiri, littafi a cikin riga. A can akwai Arzika. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, tare muka yi allo, sai ni aka kai ni boko, shi aka bar shi da gona da ruwa, don mahaifinsa masunci ne kuma manomin shinkafa. Arzika bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba, amma ban taɓa ganin mai riƙe labari irinsa ba. Abin da na karanta masa bara zai maimaita mini bana, in na yi tuntuɓe ya gyara mini. Tun ban fara koyarwa ba yake kirana Mallam, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi ni.

Hutun kaka shi ne wanda ba na mantawa. Da an idar da asuba muke gangarawa fadama, raɓa tana jiƙa mana wando har gwiwa, kowa da laujensa. Kafin rana ta take, ba ka jin komai sai sautin lauje a cikin kara, da kwaramniyar gwangwanayen da aka jera a igiya don korar tsuntsu, da muryar wani can nesa yana kiran mai kwalekwale ya zo ya ƙetarar da shi. In aka tara dami aka fara bugu, sandunan nan sukan haɗa baki su yi wani kiɗa da ko gurgu ya ji sai kafaɗarsa ta motsa. Mata suna gefe suna sheƙa, ƙaiƙayi yana shiga mana wuya, mu yi ta susa muna zagin juna. Yanzu inji ne yake bugun, ya yi ta ruri shi kaɗai, kafin azahar an gama abin da mukan yi kwana uku a kai. Na san an huta, bayana ma shaida ne. Sai dai ba a hira kusa da inji, kowa ya toshe hanci da ƙyalle yana jiran a cika masa buhu ya tafi.

Bayan la'asar, in an yi wanka an sha fura, sai mu taru a gindin tsamiyar ƙofar gidansu Arzika. Ni in jingina da ice in buɗe littafi, in karanta layi biyu uku a zuci, in juya shi da Hausa a fili. Da mu biyu muka fara, aka wayi gari mun kai goma, har da masu aure. In Mai Kwat ya shiga tarko na ce magariba ta yi, sai gobe, mutane su watse suna gardamar yadda zai fita. Wani ya ce layar zana ce da shi, wani ya ce Nasara ba su san laya ba, dabara ce. A kwana da abin a rai, a tashi da shi, a yi yankan shinkafa da shi. Yaran yanzu ba su san wannan jiran ba. Ina kallon jikokina, kowa da wayarsa a gaban hanci, labari bai kai rabi ba sun tura shi gaba da ɗan yatsa sun ga ƙarshe. Na yi faɗa har na gaji, na gane bakina kawai nake ɓatawa.

To amma Mai Kwat na cikin takarda ba mutumin da za ka kawo ƙofar gidan mutunci ba ne. Mashayi ne, ba ya shiga gari bai nemi kwalba ba. Ɗan caca ne. Mata kuwa, kowane littafi da tasa, wani ma biyu. Da farko in na iso irin wuraren nan sai in tsallake, in yi tari in juya shafi, ba wanda ya lura. Haka muke tafiya har ranar da mahaifin Arzika, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya jawo buzunsa daga zaure ya zauna kusa da mu yana ɗinkin komarsa, wato ragarsa ta kamun kifi. Baba mutum ne da in ya yi gyaran murya akuya ma takan bar ɓarna. Ya taɓa korar mai garaya daga ƙofar gidan nan da sanda. Ranar kuwa, cikin rashin sa'a, na riga na faɗa a fili cewa Mai Kwat ya shiga wani babban gida ya zauna ya kira mai hidima, kafin idona ya kai ga abin da ya ce a kawo masa. Na tsaya, yatsana a kan layin.

Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Kai ɗan boko, mi yas sa kat tsaya? Mi yac ce a kawo mai?"

Na san in na faɗi gaskiya, taron nan ya watse ke nan, kuma ba za a sake barin Arzika ya zauna inuwa ɗaya da ni ba. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Shayi, Baba."

"Shayi?"

"Awo, shayi. Ba madara."

Ya gyaɗa kai. Na ci gaba. Layi biyar ban yi ba sai ga mace ta zo ta zauna a kan hannun kujerarsa, kuma tsallakewa ba ta yiwuwa, don ita ce mai ɗauke da takardar sirrin da ake nema.

Baba ya ce, "To ita wagga da taz zamna kusa gare shi hwa?"

"Ƙanwatai ta, Baba. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ja zare ya ƙulle, ya ce, "Ashe ko cikin Nasara akwai ɗiyan halas." Da aka kira magariba ya tashi yana naɗe buzu, ya tsaya a kaina, ya dafa mini kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Riƙe karatunga da kyau. Mai karatu idon jama'a na. In yac ce babu rami, takawa za mu yi." Yabo ne ya yi mini, amma ban iya cin tuwo ba ranar.

Daga nan ba ni da hanyar komawa baya. Baba ya zama ɗan gaba a majalisa, ni kuma na zama gwani. Kwalba ta koma butar shayi, teburin caca ya koma gurbin dara, mata suka koma ƙanne da 'ya'yan kawu da matan abokai da yake rakawa gida cikin amana. Ina yi ba ko ƙifta ido, idona yana kan abu ɗaya bakina yana faɗin wani, har na fara jin daɗin kaina. Wata rana Arzika ya ce, "Mallam, wanga mutum gidansu Allah ya yi arzikin ɗiya mata. Ko'ina yat tahi sai ya ishe ƙanwa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. A haka Argungu ta san Mai Kwat, jarumi mai kunya, mai zumunci, wanda ba ya ɗaga ido ya kalli matar wani.

Da abin ya tsaya a dariya da sauƙi. Wata shekara Arzika ya tafi cin rani kudu, ya yi wata huɗu yana dako. Da ya dawo ya ja ni bakin gulbi, inda ba kowa, ya ce akwai abin da yake so ya gode mini. Abokan aikinsa sun ja shi wani gida bayan gari. "Wallahi Mallam har an aje kwalba gabana. Sai nit tuna Mai Kwat. Nic ce mutumin da babu salla bisa kainai bai sha ba, sai ni da alwalata? Nit tashi nib bar musu wurin." Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa. Ranar ce ya kamata in gaya masa. Mu biyu ne, mu samari ne, da ya yi fushi na kwana biyu ya huce. Na ce a raina ƙaryar da ta hana mutum shan giya ai ba ta yi laifi ba, na karɓi godiyar na yi shiru. Tun daga lokacin kuwa, duk inda aka taru aka zo maganar amana, sai Arzika ya nuna ni ya ce ga mutum ɗaya da bai taɓa yi masa ƙarya ba. A gaban surukansa ya faɗa, a gaban 'ya'yansa ya faɗa. Ni ya sa na karɓi auren babban ɗansa saboda wannan shaidar.

Littattafan suka ƙare. Lasisi ne ya gaya mini ashe mai rubuta su ya daɗe da mutuwa, mu dai ragowa muke ci. Da na kai labarin Argungu, Arzika ya yi salati, ya cire hula ya riƙe a hannu, aka yi jugum a gindin tsamiya kamar an yi mana rasuwa a dangi. Daga baya na ji an ce wasu sun gwada ci gaba da labarin, amma ko ɗaya bai iso kwalin Lasisi ba, mu ma kuma rayuwa ta sha kanmu. Aure, 'ya'ya, canjin wurin aiki daga wannan ƙauye zuwa wancan. Baba ya rasu. Lasisi ya rasu, a nan aka rufe shi, ɗansa Rashidi ya gaji shago. Tsamiyar aka sare ta aka yi shagon siminti a wurin. Ni na yi ritaya na zauna unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, a gidan da ɗana ya kama mini, inda maƙwabci ba ya sanin ka kwana lafiya sai ya ga motar asibiti. Arzika yana Argungu, ciwon suga ya ci idonsa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa zuwa fadama. Mukan gaisa a waya, in je in duba shi in an yi salla ko suna, mu zauna mu lissafa waɗanda suka rage.

Ana nan wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa kamar an rage masa shekara talatin.

"Mallam, kana da rai? Mai Kwat ya dawo!"

Na ce, "Arzika, ko maganin ne ya yi maka yawa?"

"Yanzu nij ji ga rediyo. Magada sun ba wani marubuci izini shi ci gaba da labari. Kamar sarauta ke nan, in sarki ya ƙaura a naɗa wani. Sun ce littahin na nan tahe. Kai za ka karanta min, kamar da."

Na ce in sha Allahu. Na ajiye waya.

Na je Nasarawa wurin Rashidi. A Birnin Kebbi aka haife shi, furfura ta fara masa, Hausar bakinsa ta fi tawa zama ta gida. Ya ce, "Baba Mallam, ai duniya ta ɗauka, duba nan." Ya nuna mini a wayarsa mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba suna ta cacar baki. Wasu suna ƙirga kwanaki, wasu suna rantsuwa sabon marubucin ba zai iya ba, wasu suna cewa a bar matacce ya huta, kuma su ɗin ma sun riga sun sa a ajiye musu nasu. Na yi mamaki. Ashe duk shekarun nan da muke gardama a gindin tsamiya, akwai dubbai irinmu a bayan teku. Rashidi ya ce zai sa a sako mini ɗaya cikin kayansa daga Legas da zarar ya fito.

Watannin jiran nan su ne mafi daɗi da Arzika ya yi tun da idonsa ya rufe, haka matarsa Ige ta gaya mini. Ya sa an sayo sabuwar tabarma an jingine, ya hana kowa hawa. Kullum bayan la'asar sai ya kira ni mu yi shawara. Ko Mai Kwat ya tsufa yanzu? Ko ƙannen nan duk sun yi aure? Ko shi ma Allah ya sa ya samu ta kirki ya zauna? Ya tuno mini tarkunan da ni na manta, da sunayen garuruwan da ya murɗe su yadda harshensa zai iya. Ina amsawa ina dariya, amma dariyar ta baki ce kawai. Domin gidan Arzika na yau ba na jiya ba ne. Jikokinsa biyu suna jami'a, Turancinsu ya taka nawa, kuma ya riga ya yi musu alkawarin zama a majalisa. In na ce shayi, ido huɗu suna kan shafin. Ko sun yi kara sun yi shiru a gabana, littafin a gidan zai kwana. Ni kuma ba ni ne na da ba. Idona sai da gilashi, kaina ba ya juyi da sauri, ƙaryar da nake ƙerawa tsakanin numfashi biyu yanzu sai na kwana ina saƙa ta. Dabarar da ta zo mini ita ce in karance shi ni kaɗai tukuna, in haddace yadda zan faɗa, in je in ba shi da ka, in bar littafin a Gesse in ce ai idona ne ba ya son hasken waje.

Littafin ya iso ranar wata Asabar. Rashidi ya kawo mini har gida, yana murna kamar shi ya rubuta. Kauri ne da shi, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Na buɗe shafin farko na tarar da Mai Kwat da kofi a hannu, kuma ba shayi ba ne. Sabon marubucin ba ya sakaya komai, abin da na da yake rufe wa ƙofa shi a buɗe yake barinsa. Na samo fensir da 'yar takarda, ina karantawa ina rubuta abin da zan sa a madadi. Shafi goma nake yi idona ya fara ruwa, in rufe sai gobe.

La'asar ta yi, waya ta yi ƙara.

"Mallam, ya iso?"

Na ce, "Bai iso ba."

"To, Allah shi kawo shi lahiya."

Haka gobe, haka jibi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sha faɗa wa ɗalibai a aji, ga ni da furfura ina ƙara haƙa nawa. Bayan 'yan kwanaki kiran ya gajarce. Ya daina tambayar ƙanne, ya daina tuno tarkuna. In na ja shi da hira ba ya bi, tambayarsa ɗaya, ya ɗan yi jim, ya yi addu'arsa, a kashe. Na ɗauka fushi yake da motar Legas da ta ƙi kawo kaya, kuma gaskiya ita ce daɗi na ji, don gajeren kira gajeriyar ƙarya ce. Sau ɗaya Ige ta karɓi wayar ta ce jikin ya yi nauyi, ba ya cin abinci, in na samu hali in leƙo. Na ce ina nan zuwa Juma'a. Juma'a ta zo ina tsakiyar littafi, na ce bari in ƙara mako ɗaya. Ina gaya wa kaina don shi nake yi, kada in rushe masa mutumin da ya riƙe shekara hamsin. Ba haka ba ne. Tsoro nake ji ya juyo da makafin idanun nan wajena ya ce, ashe kai ma, Mallam.

Ranar da la'asar ta wuce waya ba ta yi ƙara ba, jikina ya ba ni. Washegari da sassafe na sa littafin a aljihun babbar riga, na bar fensir da takardar a kan tebur, na tafi tasha. Na yanke shawara zan zauna a gabansa in faɗa masa komai, tun daga shayin farko, in ya so ya kore ni. Mun wuce rabin hanya, fadama tana ta gefen hagu kore shar, sai ga kiran babban ɗan Arzika. Ban bari ya gama ba na ce ina hanya. Na samu sallar jana'iza, na samu rakiya, na sa hannu aka saka shi a kabari. Ƙasa tana zuba ina jin nauyin littafin yana ja mini riga gefe ɗaya.

Da aka dawo na shiga cikin gida yi wa Ige gaisuwa. Tana zaune a ƙasa cikin mata, lulluɓe, carbi a hannu. Muka yi wa juna ta'aziyya, na yunƙura zan tashi, sai ta ce, "Mallam, littahin nan da shika jira, har yau bai iso ba?"

Na koma na durƙusa. Na ce, "Ya iso."

"Yaushe?"

"Yau kwana goma sha tara."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Kunnuwa nai sun tahi tun sati biyu, Mallam. Ciwon ya toshe su, ko an yi ihu ba shi ji. Ni ka riƙa mai waya. In yat tambaya kab ba da amsa, sai in girgiza mai hannu, shi gane bai iso ba."

Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

"Shi yah hana. Yac ce in kaj ji ba shi ji, za ka ce karatun ba shi da amfani, ka ƙi zuwa. Cewa yay yi ko bai ji komi ba, kai dai ka zo ka zamna kusa gare shi kana buɗa takarda."

Ban san yadda na fito ba. Na samu wuri a zaure cikin masu karɓar gaisuwa na zauna, littafin yana danne mini cinya. Mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, kowa yana cewa in yi haƙuri, na yi rashin amini.